Tarkon da Fred Worth Ya Ɗana

A daren 15 ga Disamba 1979, wasu abokai biyu 'yan jarida suka zauna a birnin Montreal na Kanada za su yi wasan Scrabble, sai suka tarar wasu haruffan sun ɓace. Chris Haney editan hotuna ne a jaridar Montreal Gazette, Scott Abbott kuma yana rubuta labarin wasanni a kamfanin dillancin labarai na Canadian Press. Maimakon su haƙura su kwanta, suka ɗauko takarda suka shiga zana nasu wasan. A nan aka haifi Trivial Pursuit.

Tsarin wasan bai da wuya. Allo ne mai zane kamar tayar keke, da hanyoyi shida da suka haɗu a tsakiya. Ka jefa ƙwayar nan mai ɗigo-ɗigo irin ta lido, ka matsa, launin gidan da ka sauka shi zai nuna fannin da za a tambaye ka. Shuɗi labarin ƙasa ne, rawaya tarihi, kore kimiyya da halittu, sauran ukun kuma nishaɗi da adabi da wasanni. Wanda ya tara yanki shida, ɗaya daga kowane fanni, ya koma tsakiya ya amsa tambayar ƙarshe, shi ya ci. Mu da muka tashi da kacici-kacici a bakin kakanni za mu ga bambanci nan da nan. Namu yana gwada kaifin hankali, wannan kuwa abin da ka adana a kai yake gwadawa. Ko ka sani, ko ka yi shiru a yi maka dariya.

Da farko ciniki bai yi ba. Sun jawo John, ɗan'uwan Haney, da abokinsu Ed Werner, suka buga kwafi wajen 1,100 a 1981. Kowane ɗaya ya ci musu kimanin dala 75, suna sayar wa masu shaguna a kan 15. Sai da kamfanin Selchow and Righter ya karɓi lasisin sayarwa a Amurka sannan kasuwa ta buɗe, kuma abin dariyar, shi ne kamfanin da a lokacin yake yin Scrabble ɗin da haruffansa suka ɓace. A 1984 kaɗai an sayar da kwafi sama da miliyan 20.

To, a wancan lokacin a cikin kowane kwali akwai kati 1,000, kowane kati da tambaya shida. Tambaya 6,000 ke nan. Duk wanda ya taɓa cika rumbun bayanai na wata manhaja ya san cewa rubuta manhajar ne mai sauƙi, samo abin da za a zuba a ciki shi ke cin rai. Daga ina mutum huɗu suka samo tambaya dubu shida?

Wani Ba'amurke mai suna Fred Worth ya ce shi ya san daga ina. Ya shafe shekaru yana tattara irin waɗannan ƙananan bayanai, ya wallafa The Trivia Encyclopedia a 1974, ya biyo shi da wasu littattafan. Tun yana rubutu ya san wata rana wani zai kwashe guminsa, don haka ya ɗana tarko. Akwai shahararren shirin talabijin na wani ɗan sandan ciki, Columbo, wanda Peter Falk ya fito a matsayinsa, kuma a shirin ba a taɓa furta sunansa na farko ba. Worth ya ƙirƙiro masa suna, ya rubuta a littafinsa cewa Philip ne. Ƙarya ce tsagwaronta, kuma da gangan ya yi ta. Wanda duk ya zo da Philip, daga wajensa ya ɗauka.

Dabarar ba tasa ba ce shi kaɗai. Masu zana taswira sun daɗe suna saka titi ko ƙauyen da babu shi don su kama mai kwafe musu aiki, kamar Agloe da aka ƙaga a taswirar jihar New York a shekarun 1930. Har yau a aikinmu akan cusa layin bogi a cikin jerin bayanai saboda wannan dalili.

Tarkon ya kama. A ɗaya daga cikin katunan Trivial Pursuit aka tambayi sunan Columbo na farko, amsar da ke bayan katin kuwa Philip. A watan Oktoba 1984 Worth ya shigar da ƙara yana neman diyyar dala miliyan 300. Ya ce fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na tambayoyin daga littattafansa aka kwaso su, har da kurakuran rubutun da ya yi.

Masu wasan ba su tsaya musu ba. Suka ce eh, sun duba littattafansa, kamar yadda suka duba wasu da yawa, amma bayani na gaskiya ba mallakin kowa ba ne. Tsayin dutse ko shekarar da aka yi wani yaƙi, wanda ya fara rubuta shi bai zama mai shi ba. Alƙali ya yarda da su, ya kori ƙarar. Kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da hukuncin a 1987, Kotun Ƙoli ta ƙi sauraren maganar a 1988. Bayan shekara uku, a shari'ar Feist kan littafin lambobin tarho, Kotun Ƙolin ta fito fili ta ce wahalar tattara bayanai kaɗai ba ta ba mutum haƙƙin mallaka, sai in akwai ƙirƙira a yadda ya zaɓa ko ya tsara su.

A ganina hukuncin daidai ne, ko da yake ina jin zafin abin a madadin Worth. Da ya yi nasara, da malamin da ya shirya wa ɗalibansa gasar kacici-kacici daga littafin labarin ƙasa ma sai ya nemi izini kafin ya tambayi babban birnin Chadi. Amma ga wani abu da ke damuna a cikin labarin: Philip ba gaskiya ba ne, Worth ne ya ƙaga shi. Wato a cikin duk abin da aka kwasa, wannan kalma ɗaya ce za a iya cewa tasa ce ta kansa. Sai dai ya sayar da ita a littafin da ya ce wa masu karatu gaskiya ce zalla, ta shiga gidaje miliyoyi a bayan kati. Mutane nawa aka ce sun faɗi tambayar, alhali amsar ce ba ta da tushe?

Hasbro ya sayi haƙƙin wasan gaba ɗaya a 2008 a kan dala miliyan 80, Haney ya rasu a 2010. Su kuma masoya shirin Columbo, da na'urar bidiyo ta ba su damar tsayar da hoto cak, sun ƙura ido kan katin shaidar aikin da yake nunawa a wasu fitowar. Sunan da suka karanta a jiki Frank ne.