3.2 Matsayin Maguzawan Ƙasar Karaye da Rogo Daga Jihadi Zuwa Yau

A wannan fasali za a dubi yadda Maguzawan yammacin Kano, musamman na ƙasar Karaye da Rogo, suka ci gaba da addininsu na gargajiya a ƙarƙashin mulkin Musulmi.

Manazarta da dama suna ganin kalmar Maguzawa ta samo asali ne daga Larabci, wato Majusu. Wannan suna yana da nauyi a shari'a, domin malaman fiƙihu sun yarda a karɓi jiziya daga Majusawa, a bar su da addininsu. Saboda haka bayan masu jihadi sun ci Kano a 1807, an ɗauki Maguzawa a matsayin 'yan amana. Suna biyan jiziya, hukuma kuma ba ta hana su tsafinsu da giyarsu da auratayyarsu. Sai dai kariyar tana da iyaka, domin Bamaguje ba ya riƙe sarautar da za ta ɗora shi bisa Musulmi. A iya cewa an bar shi ya zauna lafiya ne muddin bai fita daga gonarsa ba.

Bayan zuwan Turawa a 1903 jiziya ta narke cikin haraji. Joseph Greenberg, wanda ya yi bincike a ƙauyukan Kano, ya nuna a littafinsa na 1946 yadda Musulunci ya riga ya ratsa bautar iskokin Maguzawa.

Babban sauyi ya zo ne tsakanin 1963 da 1965, lokacin da Sardauna Ahmadu Bello ya yi rangadin musuluntarwa a Arewa. Daga nan Maguzawa da yawa suka musulunta, wasu kuma suka bi 'yan mishan suka zama Kiristoci, akasari a cocin ECWA. A ganin mai wannan bincike, nan ne matsalar ta sake kama. Tsohon tsari ya san inda zai ajiye Bamaguje, amma jama'a ba su saba da Bahaushe Kirista ba, har wasu kan ɗauke shi baƙo a ƙasar kakanninsa.

Sashe na 38 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin addini da na sauya shi, kuma dokokin shari'ar da Jihar Kano ta ƙaddamar a 2000 Musulmi suka shafa. Duk da haka Kiristocin Hausawa sun sha kokawa kan wahalar samun izinin filin gina coci da kuma rashin malaman addinin Kirista a makarantun gwamnati.