Zanen Bishiya Mai Fure Irin na Faransawa: Asalinsa da Yadda Ake Gane Na Hannu Kafin a Biya



Kawuna da ke Sabo ne silar wannan rubutu. Ya gama ginin gidansa, sai aka turo masa hoton wani zane ta WhatsApp daga wani shagon kayan ɗaki a nan Abuja. Bishiya ce guda a tsakiyar lambu, ta yi farin fure fes, sama shuɗi, ƙasa ɗanyar ciyawa. Mai shagon ya ce tsohon zanen hannu ne daga Faransa, kuɗinsa naira dubu 600. Kawu ya kira ni ya ce, "Kai da ka yi boko, je ka dubo min kafin in tura kuɗi." Na ce, "An gama, Kawu." Na je na gani, na zagaya wuraren baje zane na yi tambayoyi, na kuma karanta. Ga abin da na tattaro, don irin wannan zane yanzu ya cika otal-otal, ofisoshi da falukan mutane.

Wane irin zane ne?

Ana yin sa da fentin mai, wato garin launi da aka kwaɓa da man 'ya'yan wani tsiro da ake kira linsid, a shafa da burushi a kan yadi mai kauri da aka ɗaure a jikin katako. Fentin mai ba ya saurin bushewa. Yakan yi kwanaki kafin a iya taɓa shi, watanni kafin ya bushe har ciki.

Salon kuwa Turawa na kiransa Imfireshanizim. Ma'anarsa a zana abu yadda ido ya fara ganinsa a cikin hasken wannan lokacin, ba tare da an tsaya ƙirga ganye ɗaya bayan ɗaya ba. Alamominsa uku ne. Na farko, gajerun shafe-shafen burushi, ɗigo nan, ɗigo can. Na biyu, ana jera launuka kusa da juna ba tare da an gauraya su sosai ba, idon mai kallo ne ke haɗa su. Na uku, ba a cika yin inuwa da baƙi ba, sai da shuɗi ko ruwan makuba. Shi ya sa in ka matso kusa za ka ga kamar yaro ne ya yi wasa da fenti, amma ka ja baya taku huɗu ko biyar, sai bishiya ta fito ras.

Daga ina ya samo asali?

Daga Faransa. A ranar 15 ga Afrilun 1874 wasu masu zane kusan talatin suka buɗe nasu baje kolin a birnin Paris, saboda babban baje kolin hukuma yana yawan ƙin karɓar aikinsu. Cikinsu akwai Claude Monet (ana furta shi Mone), Camille Pissarro, Auguste Renoir, Alfred Sisley da wata mace, Berthe Morisot. Wani ɗan jarida mai suna Louis Leroy ya ɗauki sunan wani zanen Monet na fitowar rana a tashar jiragen ruwa ya yi musu ba'a da shi. Sunan ba'ar nan shi ya bi su har yau. Sun yi baje koli sau takwas daga 1874 zuwa 1886, kuma Pissarro ne kaɗai bai taɓa fashi ba.

Abu biyu suka taimaka musu. A 1841 wani Ba'amurke, John Goffe Rand, ya ƙirƙiro ɗan bututun ƙarfe da ake matso fenti daga ciki, irin na man goge baki. Da wannan mai zane zai iya zuba kayansa a jaka ya tafi gona. Ga kuma jirgin ƙasa da ke fitar da su daga Paris zuwa ƙauyuka cikin ɗan lokaci.

Me ya sa bishiya mai fure?

A can, in hunturu ya shiga, itatuwa irin su tuffa sukan zubar da ganye su zama kamar busassu. Wajen watan Afrilu sai su ɓarke da fure fari ko ruwan hoda, kafin ganye ya gama fitowa. Furen nan bai wuce mako ɗaya zuwa biyu ya zube. Ga mutanen da ke farautar abin da ba ya daɗewa, ai an zo wurin.

Sanannu daga cikin irin waɗannan zane sun haɗa da lambu mai fure da Pissarro ya zana a Louveciennes a 1872, wanda ke babban ɗakin ajiye zane na ƙasa a Washington. Akwai na Monet na 1873, itatuwan marmari cikin fure, a gidan tarihi na Metropolitan da ke New York. Akwai wani na Pissarro na 1877 daga Pontoise, a gidan tarihi na Orsay a Paris. Vincent van Gogh, mutumin Holan, shi ma ya zana lambuna masu fure fiye da goma a garin Arles a 1888, ko da yake shi ana lissafa shi cikin waɗanda suka biyo baya.

Ku lura da inda suke: gidajen tarihi. Waɗanda suka rage a hannun mutane kuwa a manyan kasuwannin gwanjo ake sayar da su. A watan Mayun 2019 an sayar da wani zanen Monet na tarin damman hatsi a kan dala miliyan 110.7 a New York. Don haka duk wanda ya ce maka yana da na asali a shago kusa da labule da kujeru, ka riƙe aljihunka.

Nan gida fa?

Zanen fentin mai ya daɗe a Najeriya. Aina Onabolu, mutumin Ijebu-Ode, ya yi karatun zane a Landan da Paris a farkon shekarun 1920. A 1958 ɗaliban zane a Zariya, irin su Uche Okeke, Bruce Onobrakpeya, Demas Nwoko da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiyarsu a kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Matsayarsu ita ce a karɓi dabarar Turawa amma a zana abin gida. Kuma aikin gida na da daraja: a watan Fabrairun 2018 an sayar da zanen Ben Enwonwu mai suna Tutu a Landan a kan fam miliyan 1.2.

A Abuja, mai son ganin aikin hannu da idonsa zai iya zuwa Thought Pyramid a Wuse 2, ko Nike Art Gallery a hanyar filin jirgin sama, ko Cibiyar Al'adu ta Cyprian Ekwensi a Area 10, Garki. Gwamnatin tarayya ma na da hukumar adana zane-zane ta ƙasa, wadda aka kafa a 1993.

A ganina ba sai mun je har Faransa aron tuffa ba. Daga Disamba zuwa Fabrairu mangwaro ke huda a Abuja da kewaye, ga ɗorawa da jajayen furanninta masu lilo kamar ƙwallo, ga hazon hunturu da ke tausasa hasken rana har Dutsen Zuma ya koma kamar inuwa. Wannan ai shi ne irin hasken da su Monet ke nema. Mai zane na gida zai iya yi maka wannan, ka san sunansa, ka san inda yake.

Maganar addini

Na san da yawa za su tambaya. Ya zo a Bukhari da Muslim cewa wani mai sana'ar yin hotuna ya je wa Abdullahi ɗan Abbas, Allah Ya yarda da shi, da tambaya. Ya gargaɗe shi a kan surar mai rai, ya kuma nuna masa cewa in ba makawa, ya yi itatuwa da abin da ba shi da rai. Da wannan malamai ke kafa hujja cewa zanen bishiya ba laifi. Sai dai a duba da kyau, wasu zanen lambun na da mutane ƙanana a ciki. Na Pissarro na 1872 ma akwai mutum biyu suna aiki. Wanda hakan ya dame shi ya tuntuɓi malaminsa.

Yadda ake gane na hannu

Babanmu bai taɓa sayen sa a kara ba sai ya buɗe bakinsa ya duba haƙori, komai daɗin bakin dillali. Haka zane. Abin da ke kasuwa kashi uku ne: bugun inji a kan yadi, kwafin hannu, da aikin mai zane na ƙashin kansa. Akan shigo da kwafin hannu daga waje, kuma ƙauyen Dafen da ke Shenzhen a ƙasar Sin ya yi suna a duniya da wannan sana'a.

1. Haska fitilar waya daga gefe. Fentin hannu na da tudu da kwari, kuma tudun na bin launin. In tudun ya nufi gabas launi ya nufi yamma, bugu ne aka shafa wa wani abu a sama.
2. Kusanto da kyamarar waya sosai. In ka ga ƙananan ɗigo-ɗigo a jere, aikin inji ne.
3. Juya bayansa. Tsohon yadi da katakonsa sukan yi duhu. Farin yadi tas da sababbin ƙusoshi ba su kai shekara ɗari ba.
4. Duba gefe, ƙarƙashin firam. Aikin hannu kan bar ɓurɓushin fenti, na inji kuwa yakan yanke cif kamar da reza.
5. Nemi rasit mai ɗauke da sunan mai zanen, shekarar da ya yi shi, da irin fentin.

Na Kawu a gwaji na biyu ya faɗi. Bugu ne. Ba laifi ba ne mutum ya sayi bugu ko kwafi in ya yi masa kyau, laifin a sayar masa da kuɗin na asali.

Kula da shi a Kudu

Danshin Legas, Fatakwal ko Warri na sa yadi fumfuna. Kar a rataye shi a bangon da ke jiƙa, a bar ɗan fili tsakaninsa da bango. A nisanta shi da rana kai tsaye, da hayaƙin girki da na turaren wuta. Kar a goge shi da ruwa, sabulu ko kananzir, burushi mai laushi busasshe ya isa. In za a saka shi a mota zuwa Kudu, a rufe fuskarsa da kwali, a tsayar da shi, kar a ɗora masa kaya.

Kawu dai ya fasa wancan. Ya ce in nemo masa wanda zai zana mangwaron ƙofar gidanmu na Arewa lokacin da ya yi huda, don yaransa da aka haifa a Ibadan su riƙa gani. Mun riga mun yi magana da wani matashi, muna jiran hunturu. Allah Ya kai mu, Ya kuma tsare mana dukiyarmu.