Indararo

Indararo mazubin ruwa ne da ake kafawa a gefen rufin soro domin ya riƙa zubar da ruwan sama nesa da bango. Ana samunsa a tsofaffin gidajen ƙasa na ƙasar Hausa, ciki har da na Dutsin-Ma da Kurfi a Jihar Katsina. A da ana yin sa da yumɓu ko rarakakken icen giginya, amma yanzu galibi da kwano ake yi.

Muhimmanci

Rufin soro shimfiɗaɗɗe ne, na azara da laka. Idan indararo ya toshe, ruwa yakan kwanta a kan rufin ya jiƙa azara, ɗaki ya fara yoyo, wani lokaci har ya rufta, musamman a watan Agusta da ruwa ya fi ƙarfi.

Gyara

Ana yin gyara ne kafin faɗuwar damina. Magini yakan kwashe ƙasa da ciyawar da suka taru a ciki, ya cike tsagar rufi da sabuwar laka, ya liƙe inda indararo ya haɗu da rufi. Daga nan sai a shafe wurin da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa.