Yadda ake ƙawata takarda a kwamfuta: rubutun ado, siffofi da zane

Katin gayyatar aure ko suna, sanarwar taron ƙungiyar manoman albasa, takardar yabo ta ɗalibin da ya zo na ɗaya, allon farashin da ake mannawa a ƙofar shago: da yawa daga cikin irin waɗannan takardu da kuke gani daga Konni zuwa Tsernawa, Galmi, Malbaza har Illela, da manhajar Word ta kamfanin Microsoft ake tsara su. Ba lallai sai mutum yana da kwamfuta ba. Ko da biya za ka yi a buga maka, yana da kyau ka san abin da za ka ce a yi da wanda za ka hana.

Kayan adon suna ƙarƙashin maɓallin da aka rubuta Insertion a saman allo, tun daga Word 2007 zuwa yau. In kwamfutar daga Sakkwato ko Kano aka sawo ta, da Turancin Ingilishi take magana, sai ku nemi Insert, wurin ɗaya ne. Na farko shi ne WordArt, wato rubutun ado. Ka taɓa shi, ka zaɓi samfuri, ka rubuta misali "Ɗaurin Aure", sai rubutun ya fito cikin wani akwati da za ka iya ja da linzami ka kai inda kake so. Ana iya canza masa launi, a sa masa inuwa, a lanƙwasa shi kamar baka. Kusa da shi akwai Formes, siffofi ke nan: da'ira, murabba'i, tauraro, kibiya, zuciya. In kana son da'ira ta fito daidai, ba kamar ƙwai ba, riƙe maɓallin Maj lokacin da kake ja. Yawancin siffofi suna karɓar rubutu a cikinsu. Sai Zone de texte, akwatin rubutu marar ado, wanda shi ya fi dacewa da rana, wuri da lokaci.

Mai son zane da hannu, sabbin Word irin na 2019 suna da sashen Dessin, inda ake zane da linzami ko da yatsa in allon na taɓawa ne. Gaskiya dai da linzami zanen ba ya kyau. Ya fi sauƙi a zana bisa takarda, a ɗauki hoto da waya, a shigar da shi ta Images.

Abin da ya fi ba sabbin hannu wahala shi ne hoto ko siffa ta ƙi zama inda aka aje ta, ko ta ture rubutu ya watse. Maganin yana cikin abin da ake kira Habillage, wanda ke faɗa wa Word yadda rubutu zai zauna da hoto: ya kewaye shi, ya bi ta kansa, ko ya ɓuya bayansa. In an gama jera komai, a riƙe Maj a taɓa su ɗaya bayan ɗaya, a danna Grouper, su zama abu guda. In hannu ya goce, Ctrl da Z suna maido da aiki baya.

To, ga inda muke son ku saurara da kyau: baƙaƙen Hausa masu lanƙwasa, ɓ, ɗ, ƙ da ƴ. Yawancin salon rubutu masu ƙyalƙyali da masu buga kati ke so, irin su Algerian da Monotype Corsiva, ba a yi su da Hausa a zuciya ba. Ba su da waɗannan baƙaƙe. Sai ka ga harafi ɗaya ya fito da wata kama dabam a tsakiyar kalma, ko ɗan akwati ya tsaya a wurinsa. Mai bugawa kuma in ya gaji sai ya sa k kawai ya wuce. Nan ne "manyan baƙi" ke komawa "manyan baki", kuma kati ɗari biyu sun riga sun fita. Haka "ƙasa" da "kasa", ma'anarsu ba ɗaya ba ce. Tun 1999 gwamnatin Nijar ta tsaida ƙa'idar rubutun Hausa, da ƴ a inda ƴan'uwanmu na Najeriya ke rubuta 'y, kuma a 2025 kundin sake gina ƙasa ya ba Hausa matsayin harshen ƙasa. Bai kamata katinmu ya kasa rubuta sunan yarenmu daidai ba.

Hanyar samunsu ba ta da wuya. Times New Roman da Arial na kwamfutocin yanzu suna ɗauke da su, haka Charis da Andika waɗanda ƙungiyar SIL ke bayarwa kyauta a intanet. Ana nemo su ta Insertion sannan Symbole. Ko kuma a rubuta lambar harafin a danna Alt da X tare: 0199 na ba da ƙ, 0257 na ba da ɗ, 0253 na ba da ɓ, 01B4 na ba da ƴ. Babban Ƙ lambarsa 0198, babban Ɗ kuma 018A. A bar sarari kafin lambar don kada Word ya haɗa ta da harafin da ke gabanta, daga baya a goge sararin. Kafin a buga da yawa, ka ce a fitar maka da kwafi ɗaya, ka karanta sunan ango, amarya, unguwa da rana da idonka, ko ka ba ɗanka ɗan makaranta ya karanta maka da ƙarfi.

Kwafin gwajin nan yana da wani amfani. Abin da ke walƙiya a allo ba shi ke fitowa a takarda ba. In injin baƙi da fari ne, ja da kore duk toka-toka suke komawa, rawaya kuwa ɓacewa take. Inuwa da rubutu mai lanƙwasa, in aka yi musu fotokopi sau biyu, tsoho mai raunin ido ba zai iya karantawa ba. A ganina salon rubutu biyu sun isa takarda guda: na ado ga kanun, na fili ga sauran. Takardar A4 faɗinta santimita 21, tsawonta 29,7; in aka tsara kati biyu a kai aka yanka, kuɗin bugu ya ragu da rabi.

Ƴan'uwa da ke Abidjan, Kwatano, Legas ko Aljeriya, waɗanda ke tsara kati a waya da WPS Office su turo gida ta WhatsApp: kada ku turo shi a matsayin takardar Word, don in ta buɗe a wata kwamfuta siffofin kan zame, salon rubutun ya canza. Ku adana shi PDF, ko hoto. Wanda ba shi da Word, akwai LibreOffice kyauta, nasu rubutun adon sunansa Fontwork.

Masu sa Bismillah ko aya da larabci a saman kati su tuna cewa bayan biki a ƙasa ake tsintar katunan, wasu ma a naɗe ƙosai da su. Malamai da yawa na ba da shawarar a bar ayar. Takardar neman aiki da wasiƙa zuwa ofishin magajin gari ko na prefe kuwa ba sa son ado ko kaɗan. Kuma duk da cewa da'ira biyu da rubutu mai kewayawa na iya fitar da abin da ya yi kama da hatimin hukuma, yin jabun hatimi laifi ne da ke kai mutum gaban shari'a, mai bugawa da wanda ya sa a buga.