Gidan Kason Matamaye da Tsohuwar Tuhumar Makirci

Matamaye gari ne na noma da kasuwa a kudancin jihar Damagaram. Shi ne babban garin gundumar Kance, kuma ta cikinsa hanyar mota take bi zuwa kan iyakar Ɗan Barto, ta zarce Daura da Kano. Matafiya sun san shi da rake da kayan lambu na fadamun da suke kewaye da shi. Amma a shekarun 2018 da 2019 sunan garin ya yi ta fitowa a takardun ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam na duniya, saboda gidan kasonsa da wani mutum guda da aka ajiye a ciki, wato Sadat Iliya Ɗan Malam, jagoran reshen Damagaram na ƙungiyar fararen hula ta MPCR wadda Nuhu Arzika yake shugabanta.

Asalin maganar dokar kasafin kuɗi ce ta 2018. Gwamnatin Shugaba Mahamadu Isufu ta shigo da sababbin haraji a kan gidajen zama da kan gado, a daidai lokacin da ta sauƙaƙa wa kamfanonin wayar salula nasu harajin. Tun daga watan Oktoba 2017 ƙungiyoyin fararen hula suka fara fitowa kan titi a Yamai da Damagaram da sauran manyan garuruwa suna neman a janye dokar. Ranar 25 ga Maris 2018 hukuma ta hana wani jerin gwano a Yamai, ta kama Nuhu Arzika da Musa Cangari da Ali Idrisa da wasu mutane da dama. Guguwar ba ta iso Damagaram ba sai bayan makonni 3. Ranar 18 ga Afrilu aka kama Sadat, sa'an nan bayan mako guda aka kama Yahaya Badamasi na ƙungiyar Alternative.

Jagororin Yamai sun samu mafita da wuri, idan har za a kira wata 4 a kurkuku wuri. Ranar 24 ga Yuli kotu ta yanke musu ɗaurin jeka-ka-gyara-halinka na wata 3, suka koma gida, jama'a na yi musu maraba, gidajen rediyo na ɗaukar muryoyinsu. Yahaya Badamasi shi ma ya fito a ƙarshen shekarar. Sadat kuwa ya yi saura, domin abin da aka rubuta a takardarsa ya fi na kowa nauyi: shiga yunƙurin tayar wa hukuma ƙayar baya da ƙulla makirci ga tsaron ƙasa. Sai a watan Mayu 2019, bayan ya shekara guda da wata guda a tsare, alƙali a Damagaram ya duba takardun, ya ga ba su ɗauki wannan kaya ba, ya mayar da tuhumar ta zama zagin 'yan jam'iyyar PNDS-Tarayya mai mulki, ya kuma ba da umarnin a sake shi. Mai shigar da ƙara na gwamnati ya ɗaukaka ƙara, ƙofar Matamaye ta ci gaba da zama a rufe har watan Nuwamba 2019. Wata 19 ke nan cif.

Ya kamata mai karatu ya tsaya ya auna tazarar da take tsakanin tuhumar da aka shiga da ita da wadda aka fito da ita. Makirci ga tsaron ƙasa yana cikin manyan laifuka a dokar Nijar, wadda ta gaji tsarinta daga ta Faransa. Da zarar an rubuta shi, sai magana ta koma hannun alƙali mai bincike, wanda doka ta ba shi damar ajiye mutum a gidan kaso wata da watanni kafin a yi zaman shari'a. Zagi kuwa ƙaramin laifi ne da ake iya gama shari'arsa a zama ɗaya. Saboda haka wanda ya zaɓi kalmar farko shi ne ya yanke tsawon ɗaurin, tun kafin wani alƙali ya ji ta bakin wanda ake tuhuma. Hukuma ba ta bukatar ta ci nasara a kotu. Abin da take bukata shi ne lokaci, ta yadda zanga-zanga za ta huce, a fara karɓar haraji, 'yan ƙungiya su koma neman abincin iyalinsu. Ranar da kotu ta wanke mutum, tuni aikin da aka kama shi dominsa ya ƙare, kuma ba a taɓa mayar wa kowa da kwanakin da ya yi a ɗaure ba.

Wannan dabara ta girmi jamhuriyar Nijar. A 1906 Turawan Faransa suka zargi Sarkin Damagaram Amadu Ɗan Bassa da ƙulla makircin hallaka su, suka tuɓe shi, suka kai shi can ƙasar Kwaddebuwa, suka ɗora Ballama ya riƙe gari. Sarkin ba mai fafutukar kare haƙƙin talakawa ba ne, kuma zamaninsa dabam ne da na yau. Sai dai abubuwa biyu da aka haɗa masa, wato zargin makirci da nesanta mutum daga jama'arsa, su ne gwamnatocin bayan samun 'yancin kai suka yi ta ɗauka suna amfani da su, na soja da na farar hula. Ko Shugaba Jori Hamani, wanda gwamnatinsa ta cika gidajen kaso da 'yan Sawaba a shekarun 1960, a Damagaram sojojin da suka kifar da shi a 1974 suka tsare shi.

Taron Ƙasa na 1991 ya buɗe fagen jam'iyyu da ƙungiyoyi, jama'a suka ɗauka an rabu da wannan hali. Shekarar 2005 ta nuna ba haka ba ne. A farkonta gwamnatin Shugaba Tanja Mamadu da Firaminista Hama Amadu ta ɗora harajin kashi 19 cikin 100 a kan madara da garin alkama da sukari da ruwan famfo da wutar lantarki, alhali fari da fara sun riga sun cinye amfanin gonar 2004, yunwa kuma tana ƙaratowa a Maraɗi da Damagaram. Ƙawancen ƙungiyoyin yaƙi da tsadar rayuwa ya kira babban jerin gwano a Yamai ranar 15 ga Maris, ya kuma kira zaman gida ranar 22 ga watan, kasuwanni suka rufe. Kafin ƙarshen watan an kama jagorori 5, su ne Nuhu Arzika, Maru Amadu, Mustafa Kadi, Musa Cangari da Kasum Isa, aka tuhume su da makirci ga tsaron ƙasa. Amma a wannan karo jama'a ba su huce ba. Ranar 7 ga Afrilu aka sake su, kuma kafin watan ya fita gwamnati ta zauna da waɗanda ta kira maƙiya tsaron ƙasa, ta janye mafi yawan harajin. Makircin da aka ce sun ƙulla bai hana a zauna tebur ɗaya da su ba.

Daga cikin mutanen nan 5, tarihin Maru Amadu ne ya fi ba da abin tunani. A watan Agusta 2009, lokacin rikicin tazarce, aka sake kama shi saboda kiran da ya yi na a bijire wa shirin Tanja na tsawaita mulkinsa. Kotu ta ba da umarnin a sake shi, jami'an tsaro suka ɗauke shi suka wuce da shi kurkukun Kutukale mai tsananin tsaro, bai fito ba sai a tsakiyar Satumba. Bayan juyin mulkin 18 ga Fabrairu 2010 ya shugabanci majalisar tuntuɓa ta riƙon ƙwarya, a 2011 kuma Shugaba Isufu ya naɗa shi ministan shari'a, ya riƙe kujerar har 2021. Ke nan shi ne yake kan ma'aikatar da masu shigar da ƙara suke aiki a ƙarƙashinta lokacin da aka rufe tsofaffin abokan gwagwarmayarsa a 2018, da kuma lokacin da umarnin alƙali ya kasa buɗe ƙofar Matamaye a 2019. Mutumin da ya ɗanɗani abin da kansa shekaru 10 kafin nan bai rasa sanin ɗacinsa ba.

Maganar nesantawa ita ma ba ta canja ba. A 2018 ba a bar jagororin Yamai a gidan kason birnin ba, aka rarraba su: Musa Cangari a Walam, Nuhu Arzika a Sayi, Ali Idrisa a Filinge mai nisan kimanin kilomita 180. Matamaye tana da nisan kimanin kilomita 80 daga Damagaram, tazarar da ba ta da yawa a taswira, amma tana da yawa ga iyalin da za su biya kuɗin mota kafin su kai wa ɗaurarre abinci, da lauyan da zai kashe yini guda kafin ya ga wanda yake karewa. Akwai kuma wata nesantawa da ba a auna ta da kilomita. Jagoran ƙungiya na Yamai yana kusa da ofisoshin jakadanci da wakilan gidajen rediyon waje, shi kuwa na jiha da wuya a ji ɗuriyarsa. Wata 4 da wata 19 suna nuna bambancin.

A watan Yuni 2022, zamanin Shugaba Muhammadu Bazum, majalisar dokokin Nijar ta amince da doka ta musamman mai kare masu fafutukar haƙƙin ɗan Adam, ta bi sahun Kwaddebuwa da Burkina Faso da Mali. Bayan shekara guda, ranar 26 ga Yuli 2023, sojoji suka kifar da gwamnatin, suka jingine kundin tsarin mulki. Ranar 3 ga Disamba 2024 aka je gidan Musa Cangari a Yamai aka ɗauke shi, bayan dawowarsa daga wata tafiya ƙasar waje. Ya yi wata guda a hannun masu bincike, sa'an nan a farkon Janairu 2025 aka karanta masa jerin tuhume-tuhume, cikinsu har da yabon ta'addanci da ƙulla makirci tare da ƙasashen waje. Daga nan aka wuce da shi gidan kason Filinge.