Damuwar yau da kullum: yadda kallon da muke yi wa al'amari ke ƙara ta ko rage ta

Damuwa ita ce halin da jiki da zuciya ke shiga idan mutum ya ga kamar abin da ke gabansa ya fi ƙarfinsa. Da zarar ƙwaƙwalwa ta hango haɗari, sai wasu ƴan ƙululai biyu da ke bisa ƙoda su saki sinadaran adirenalin da kotizol cikin jini. Gaba ya faɗi, zuciya ta riƙa bugawa da sauri, numfashi ya ƙaru. Wannan shiri yana da amfani ga wanda ya yi kiciɓis da maciji a gona. Amma in abin ya zama na kullum, yana hana barci, ya kawo ciwon kai da saurin fushi, yana kuma iya ƙara hawan jini.

Jiki fa ba ya jira sai haɗarin ya tabbata, zato kaɗai ya ishe shi. A shekarar 1984, masana halayyar ɗan Adam biyu na Amurka, Richard Lazarus da Susan Folkman, sun bayyana cewa zuciya na auna abu biyu a duk lokacin da wani abu ya taso: ko abin zai cutar da mutum, da kuma ko yana da abin tunkararsa. Amsar da mutum ya ba kansa ita ke sa damuwa ta yi nauyi ko ta yi sauƙi.

Ga misali, yaro ya tafi ci-rani Libiya ko Abijan, kwana uku wayarsa ba ta shiga. Wani mahaifin zai ce shi ke nan, an kama shi, ya kwana ido biyu. Wani ko zai tuna da matsalar rezo, ko rashin wutar caji, ya nemi lambar abokin tafiyarsa. Labari ɗaya ne, amma daren ba ɗaya ba. Haka ƴan uwa na waje: da ganin kira daga gida sai gaba ya faɗi, ko rasuwa ce ko neman kuɗi, alhali sau da yawa gaisuwa ce kawai.

Ga hanyoyin gyara kallo tun abin bai yi nisa ba:

1. Ka dakata, ka ja numfashi a hankali kafin ka yi magana.
2. Ka raba abin da ka sani da abin da kake zato. Maƙwabci bai amsa sallama ba, wannan ka gani. Wai raina ka ya yi, wannan zato ne. Wataƙila bai ji ba.
3. Ka nemo wasu dalilai biyu ko uku da za su iya jawo abin.
4. Ka ware abin da ke hannunka. Saukar ruwan damina na Allah ne. Tanadin iri da gyaran gona naka ne.
5. Ka tambayi kanka: da ƙanena ne a wannan hali, me zan ce masa? Ka gaya wa kanka hakan.

Wannan ba yana nufin rufe ido ga gaskiya ba. Rumbun da ya ƙare kafin kaka, tsadar tiyar hatsi da rashin tsaro ba zato ba ne. Gyara kallo ba ya cika rumbu, amma yana barin mutum da hankalin neman mafita da shawarar dangi.

Jama'a, in rashin barci, rashin cin abinci ko baƙin ciki suka kai mako biyu, ko mutum ya fara tunanin cutar da kansa, kada a tsaya ga haƙuri kaɗai. A kai shi CSI mafi kusa ya ga ma'aikacin lafiya.