Daga wasiƙa zuwa vokal: wa ke jin maganarmu?

Duk wanda ya manyanta a cikinmu ya san lokacin da aika saƙo sai an nemi mai rubutu. Ɗa ya tafi cin rani Najeriya ko Libiya, uwa ta je wurin malam ko ɗan lakwal, ta faɗa, ya rubuta, a ba direba ranar kasuwa. Can ma sau da yawa wani ne zai karanta masa. Kafin magana ta isa kunnen mai ita, an riga an ji ta. Shi ya sa iyayenmu suka ƙware da magana a dunƙule, ba a ambaton bashi, ba a ambaton ciki.

Da kaset ya zo muka ce an huta. Mutum ya shige ɗaki ya naɗi muryarsa, babu mai rubutu tsakani. Amma fa in kaset ya iso, a tsakar gida ake kunna shi, har maƙwabta su leƙo.

Celtel ta fara aiki a Nijar a 2001, ta koma Zain a 2008, sannan Airtel a 2010. Rezo bai iso ƙauyuka rana ɗaya ba. Sai an hau tudu ana ɗaga murya, wanda ke gindin tudun ya san nawa aka aiko maka.

An ƙirƙiri WhatsApp a Amurka a 2009, amma mu a wurinmu shekarar 2013 ce abin tunawa, lokacin da aka sa saƙon murya, vokal ɗin nan. Kaset ne ya dawo cikin aljihu. Facebook ya sayi WhatsApp a 2014 kan dala biliyan 19, kuma a 2016 aka kulle saƙonni ta yadda ko kamfanin ba ya iya sauraro. Wannan gaskiya ne. Sai dai hanya aka kulle, mu kuwa a gida asirinmu ke fita.

Ku duba yadda muke amfani da wayar. Yaron da ya buɗe maka shi ya san lambar sirrin. Wayar ta wuni a teburin mai caji. Waya ɗaya, mai gida da ƙane da ɗa duk suna taɓawa. Ashe mai rubutu bai tafi ba. Ga kuma tura saƙo gaba: abin da ka faɗa wa amininka da dare, da safe yana Gure, da azahar yana Damagaram. Kamfanin ya taƙaita turawa zuwa wuri biyar a 2019, to amma biyar ɗin kowa zai tura wa biyar.

Abin da ya fi ba mu haushi shi ne gurup. Duk mai lambarka zai jefa ka ciki ba sallama, baƙi su ga lambar, mata ne kuma suka fi shan kira da tsakar dare. Tun 2019 akwai wurin hanawa, amma an binne shi can cikin saiti, a rubuce. Facebook ya sa Hausa a 2016, ita ma a rubuce. Wanda bai yi boko ba fa? A Janairun 2021 sanarwar sabbin sharuɗɗan WhatsApp ta fito, duniya ta yi ta hayaniya har aka ɗage wa'adi zuwa Mayu. Mu dai dannawa muka yi don ta kauce mu ji vokal.

Lamarin ya wuce kunya kaɗai. Nijar ta yi dokar laifukan intanet a 2019. A watan Yunin 2020 an tsare 'yar jarida Samira Sabou a Yamai kan rubutunta na Facebook, alhali sunan wanda ya kai ƙara wani ne ya ambace shi a sharhi. An cire ɗauri kan ɓata suna a 2022, aka maido da shi a Yunin 2024. Masu riƙe da gurup-gurup ɗinmu, wannan ya shafe ku.

A ƙarshen 2023 WhatsApp ya kawo vokal mai gogewa bayan an saurara sau ɗaya. Yana da amfani, mun gwada. Sai dai in an kunna shi a fada da babbar murya, wayar na kusa tana iya naɗewa.